Ba a Harbin Kurciya a Bakin Kanal

Ba kewa ce ta sa na zauna rubuta wannan ba, haushi ne. Tsofaffi irina sukan ce suna kewar zamanin da, ni kuwa duk lokacin da na tuna baya sai raina ya ɓaci, domin tunawar ce take nuna mini inda muka gangaro. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal yake ratsa gonaki rani da damina, kuma duk baƙon da ya zo daga birni sai ya tsaya ya kalli koren shinkafa ya ce mu kam Allah ya yi mana gata. Ya shigo ya buɗe tukunyarmu mana. Muna noma shinkafa amma ba ta kwana a gidajenmu. Taki ya ci nasa, man inji ya ci nasa, abin da ya rage dillali ya zo yana yatsina fuska yana taya shi kamar alfarma yake yi maka. Ka je kasuwar Bunkure wannan makon ka ji farashi, ka koma mako mai zuwa da kuɗin a hannu, mai kaya ya dube ka ya ce ai wancan tsohon labari ne. Nama kuwa, ni da mahaucin unguwarmu sai gaisuwa a ƙofar masallaci, kuma shi ma ya daina tambayata ko a ajiye mini.

Da muna samari rani yana da murya. Idan shinkafa ta fara nuna, tun da sassafe za ka ji gwangwanaye suna kaɗawa a jikin igiya daga wannan fangali zuwa wancan, masu tsaron tsuntsu suna ihu daga kan rumfunan kara, majajjawa tana fito a iska kafin ta saki curin laka. Tsuntsayen jan-baki su taso dunƙule guda su juya a sama su sauka a gonar maƙwabci, shi ma ya koro maka su, haka za a yini ana yi wa juna aike. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya akwai kukan kurciya, ba ya yankewa, daga kan mangwaro, daga kan darbejiya, daga kan katangar sito, har kunne ya saba ba ka jin sa sai ka saurara. Fakara tana kiran safiya a bakin jigawa. Wani lokaci kuma can nesa ka ji tas, ƙara ɗaya siririya kamar an karya busasshen kara. Kowa ya san Baban Ruwa ne ya samo na miya.

Baban Ruwa mutumin tsaunukan Filato ne, Kirista, aikinsa buɗe ƙofar ruwa da rufe ta. Shi ne yake juya babban ƙarfen da ke sako wa gonaki ruwa, kuma saboda haka kowa yana gaishe shi da hannu biyu ko da ba ya son sa. Gajere ne, ba ya son surutu, kuma shi kaɗai ne mai bindigar iska a duk yankinmu. Mu bindigar da muka sani ita ce ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi, ta tashi gari da ƙara da hayaƙi, wani sa'in ta tashi da yatsan mai ita. Wannan kuwa ba wuta ba hayaƙi. Ka karya bakinta a kan gwiwa, ka cusa ƙwayar dalma guda ɗaya ƙanƙanuwa kamar ƙwayar dawa, ka mayar ta ce ƙas, shi ke nan. Yakan zuba ƙwayoyi biyu ko uku a kumatunsa don kada ya tsaya lalube a aljihu, shi ya sa in yana farauta ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Idan ya kayar da tsuntsu ba ya taɓa shi, sai ya kira Musulmin da ke kusa ya ce a yanka, domin in matarsa ta dafa kowa ya iya sa hannu. Ta haka na fara kusantarsa, don gonarmu tana dab da ƙofar ruwa kuma wuƙata ba ta rabuwa da aljihuna.

Ina da shekara ashirin ko kusa da haka ya fara ba ni bindigar in riƙe. Bai koya mini da baki mai yawa ba. Ya ce in riƙe numfashi, in ja kunama kamar ina tsoron ta farka. Sannan ya gindaya mini abin da ya ce shi ma haka aka gindaya masa a garinsu. Kada ka harbi abin da ba za ka ci ba. Kada ka harbi wadda ke kwance a kan ƙwai. Biyu sun ishi miya, ta uku kwaɗayi ne. Na ƙarshen shi ne wanda ya fi maimaitawa, har yana nuna wurin da baki: ba a harbin kurciya a bakin kanal. A ƙasan ƙofar ruwan akwai wani gangaren siminti inda ruwa yake malala siriri, bai kai idon sawu ba. Idan bazara ta yi zafi, tsakanin azahar da la'asar duk kurciyar yankin nan take zuwa sha. Na ji dokar, na gyaɗa kai, a raina kuwa na ce wannan ai al'adar mutanen dutse ce, mu me ya haɗa mu.

A ranin nan akwai wata yarinya mai kawo wa 'yan ƙwadago ɗanwake, takan ajiye tukunyarta a inuwar da ke kusa da ƙofar ruwa. Na daɗe ina sayen ɗanwaken da ba yunwarsa nake ji ba. Wata rana Baban Ruwa ya bar mini bindigar ya tafi duba wata ɓaraka a can ƙasa. Na yi yawo tun hantsi ban samu komai ba, ga yarinya tana kallo, ga ƙawayenta suna tambayata ko bindigar ta sanda ce. Sai na zagaya bayan katangar ƙofar na durƙusa. Wanda bai taɓa lura ba ba zai sani ba, kurciya ba ta shan ruwa kamar kaza, ta ɗiba ta ɗaga kai. Ita in ta tsoma baki ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi, kuma a wannan ɗan lokacin ko makaho zai same ta. Na harbi ɗaya, na yanka, na dawo na ɓuya, suka sake sauka na harbi ta biyu, na ƙara ta uku. Na zo ina taƙama na zube su a gaban tukunyar ɗanwake, daidai lokacin da Baban Ruwa ya dawo.

Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya shafa ƙirjinta da babban yatsa, ya duba yatsan, ya shafa mini a goshi. Ruwa ne.

"A ina ka harbe su?"

Na ce a kan mangwaro.

"Ruwan sama aka yi a kan mangwaron?" Ya karɓe bindigar daga hannuna a hankali. "Kai kana azumi, ko ba haka ba? To a ce ka yini da ƙishi, an kira magariba, ka kai kofi bakinka, sai wani ya fito daga bayan katanga ya kaɗe maka kai. Me za ka kira wannan mutumin? Maharbi?"

'Yan ƙwadago sun daina cin abinci suna kallo.

"Wanda ya bi ta daji ya same ta, rabonsa ne. Wanda ya jira ta a nan ɓarawo ne. Kuma in kowa ya yi yadda ka yi, nan da rani uku ba za ka ji kukanta ba a garin nan."

Bai sake ba ni bindigar ba har ranin ya ƙare, aka yi damina, aka shiga wani ranin. Kurciyoyin uku kuwa ya sa na kai wa wata tsohuwa makauniya a bakin gari, ko ƙafa ban ɗanɗana ba. Yarinyar mai ɗanwake kuwa ita na aura daga baya, kuma bayan an ɗaura mana aure ta daɗe tana tsokanata da wannan abin. Duk tsuntsun da na kawo gida sai ta shafa ƙirjinsa da yatsa ta dube ni tana danne dariya kafin ta sa shi a ruwan zafi. Da Baban Ruwa ya ajiye aiki zai koma garinsu, ya kira ni ya miƙa mini bindigar da gwangwanin ƙwaya cike. Na ba shi buhun shinkafa shanshera biyu, ya karɓi ɗaya ya ce ɗayan na amarya ne. Da wannan bindigar na raini 'ya'ya bakwai da romon kurciya da fakara, ba kullum ba, amma ba a taɓa yin wata guda miyarmu ba ta ga maiƙo ba. Ina shafa wa fatar cikin bindigar man gyaɗa, ina naɗe ta da tsumma ina ratayewa a bayan ƙofa. Shekara arba'in da ɗoriya ban ƙara durƙusawa a bayan katangar nan ba.

To yanzu a zo a ga inda muke. Gwangwanin ƙwaya da yake kai ni rani biyu, yau mai shagon da ke kawo shi a Kura ba ya ma sayar da shi a gwangwani. Ƙullawa yake yi a leda kaɗan-kaɗan kamar maganin ciwon kai, kuma duk zuwa sai ya ce dala ta tashi. Ban taɓa ganin dala ba, amma ta san hanyar gidana fiye da dangina. Mutanen gari kuma yunwa ta cire musu kunya. Balbela da muke cewa ba a ci, da idona na ga an fige ta a bayan injin casa. An kafa raga, an zuba wa tsaba magani, an kwashe ƙwai daga sheƙa. Ina jin haushinsu, amma na san abin da ke korar su, domin ni ma shi ne yake korata.

Waɗanda ba zan taɓa yi wa uzuri ba su ne na cikin mota. Duk Asabar sai su taso daga birni, su uku ko huɗu, a wata doguwar mota mai baƙin gilashi, da gajeren wando da hular rana, kowa da bindigarsa ta iska. Ba irin tawa ba, irin wadda ake hura wa iska da famfo, da madubin saiti a kanta, wadda kuɗin guda ɗaya zai noma mini gonata rani da damina. Ba yunwa ce ta kawo su ba, wasa suka zo yi. Kuma da yake ba su iya tafiya a rana ba, ba su san bambancin kukan kurciya da na hasbiya ba, wani ɗan gari marar mutunci ya nuna musu gangaren simintin nan. Su kafa kujerun roba a inuwa, su buɗe lemo mai sanyi, su jira azahar. Su harba, su yi shewa, su jera gawarwakin a kan mota su ɗauki hoto. Babu mai wuƙa a cikinsu. Wasu su jefa a but ɗin mota, wasu su bar su nan ruwa ya tafi da su gonakin mutane.

Na taɓa zuwa na same su. Na yi sallama, wani mai ƙaramin gemu da sarƙa a wuya ya amsa ba tare da ya ɗago daga madubin ba. Na ce, "Samari, nan wurin ba a harbi. Wurin shansu ne."

Ya sauke bindigar ya dube ni daga sama har ƙasa. "Baba, gonarka ce nan?"

Na ce ba gonar kowa ba ce.

"To tsuntsayen naka ne?" Sauran suka yi dariya. Shi kuwa sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi zagi ciwo. "Kada ka damu, Baba. In na miya kake so ga su nan, ɗebi ko nawa ne."

Na ce masa ba na cin mushe, kuma ubana bai bar mini gadon roƙo ba. Na juya ina tafiya ina jin suna kwaikwayon muryata. Tun daga ranar duk Asabar in na ga motar sai na tofar da yawu, kuma na faɗa a majalisa, da ƙarfi, cewa duk wanda ya harbi tsuntsu a bakin kanal ɓarawo ne ko ɗan waye.

A bazarar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da mai ɗakina, ita dai yarinyar mai ɗanwake, yanzu kanta fari fat. Zazzaɓin ya tafi amma bai bar ta da komai ba. In ta miƙe sai ta dafa bango. Na kai ta ƙaramin asibiti, ma'aikaciyar ta ja fatar idonta ta duba ta ce, "Baba, jininta ya yi ƙasa sosai. A riƙa ba ta nama, da hanta, da ƙwai." Na tambaye ta ko a nan ake rabawa. Ba ta ji daɗin maganar ba, ni ma ban faɗa don ta ji daɗi ba. Kajin gidanmu tuni na sayar da su na sayi taki tun farkon rani. Babban ɗanmu da ke jan keke a Kumbotso ya aiko abin da ya iya, magani ya cinye. Kwana biyar ina ba ta kunu da zogale, tana sha don kada in ji ba daɗi, kuma kullum tafin hannunta yana ƙara haske. A rana ta shida na sauko da bindigar na girgiza gwangwanin. Ƙwaya uku suka amsa.

Ban lura Asabar ce ba sai daga baya. Na fita bayan an yi sallar asuba gari ya waye, na zuba ƙwayoyin a kumatu kamar yadda na gada. Na bi bakin jigawa inda fakara take kira a da, shiru. Na bi layin mangwaro, na bi bayan sito, na tsallaka har gonakin mutanen ƙauyen gaba. Baban Ruwa ya ce rani uku, kuma bai yi ƙarya ba, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ji kuka ɗaya. Da hantsi na ga wata kurciya a kan darbejiya. Na riƙe numfashi na harba, amma idon yanzu ya zama sai a hankali. Ta tashi ko gashi ban taɓa ba. Ta biyu na same ta kusa da azahar, na lallaɓa har gwiwoyina suna ƙara, na ja kunama, ƙwayar ta daki reshe. Na zauna a gindin bishiyar na yi taimama na yi sallah, domin gorar ruwana ta ƙare, ƙwaya ɗaya tana kwance a gefen harshena.

Ba zan ce ƙafa ce ta kai ni ba, ni na kai kaina. Na hango baƙar motar tun daga nesa, an kafa kujeru, ba su fara ba tukuna suna hura wa bindigogi iska. Na zagaya ta ɗaya gefen don kada su gan ni, na durƙusa a bayan katangar ƙofar ruwa, daidai inda na durƙusa ina ɗan shekara ashirin. Simintin ya tsattsage, amma ruwan yana malala siriri kamar da. Ban daɗe ba wata ta sauko ita kaɗai. Ta duba dama, ta duba hagu, bakinta a buɗe saboda zafi, ta taka a hankali zuwa bakin ruwa. Na ce a raina bari dai ta sha tukuna. Sai na ji ɗaya daga cikin samarin can ya ce ga wata nan, na ji an ja kujera. Tana tsoma baki na ja kunama.

Na sauka da gudun da ban san ina da shi ba, na yi bisimilla na yanka tana sauran motsi. Ina ɗagowa na ji tafi. Mai ƙaramin gemun ne a tsaye a ɗaya gefen kanal, yana dariya har da riƙe ciki.

"Nice shot, Baba! Ashe kai ma ɗan hannu ne. Da wannan tsohuwar bindigar? Zo mu yi hoto mana."

An zage ni a duniya, an taɓa marina a gaban mutane a kan rabon ruwa, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan yabon ba. Na cusa kurciyar a aljihun riga na kama hanya.

Na sami mai ɗakina a zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta jingina da bango. Na ajiye mata tsuntsuwar a kan faifai na ce bari in hura wuta. Na so in fige da kaina, amma kafin in juyo ta riga ta ɗauka. Shekara da shekaru hannunta ya saba, ba na jin ma da niyya ta yi. Ta shafa ƙirjin da babban yatsa. Ta tsaya. Ta duba yatsan, ta daɗe tana dubansa, kuma wannan karon babu dariyar da take dannewa.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ta sha kuwa?"

Na taɓa yin ƙaryar mangwaro sau ɗaya a gabanta, ban ga amfanin ta biyu ba. Na ce, "Ban jira ba."

Ta fige, na dafa da ɗan gishiri da daddawa, na riƙe mata kwanon ta shanye romon tas, ta tsotse ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko zan ƙara ruwa in sake tafasa su, ta ce in ƙara.

Bindigar tana nan a bayan ƙofa, gwangwanin babu komai a ciki. Na daina maganar ɓarayi a majalisa, kuma in baƙar motar ta wuce sai in sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a ƙasa. Mai ɗakina ta ɗan samu ƙarfi, tana iya zuwa bakin murhu ba tare da ta dafa bango ba, amma tafin hannunta bai gama dawowa ba. Na tambayi kaina ko na yi nadama, na juya tambayar ta kowane gefe, kuma amsar ita ce take hana ni sakewa. Da wani zai miƙo mini ƙwayar dalma guda ɗaya gobe, da azahar za a same ni a bayan katangar nan, kuma wannan ne abin da ba zan yafe wa zamanin nan ba.